Bitar Kundin Tsimin Makamashi a Gine-gine na 2017

A 2017 ne Ma'aikatar Wutar Lantarki, Ayyuka da Gidaje ta Tarayya, zamanin Babatunde Fashola, ta fitar da kundin BEEC, da tallafin hukumar GIZ ta Jamus da Tarayyar Turai. Takardun gwamnati sun saba da cika baki, amma wannan ya kama kansa. Abubuwa kaɗan ya zaɓa, kuma kowanne ana iya auna shi. Tagogi kada su wuce kashi 20 cikin 100 na bango, in sun wuce a yi musu inuwa. A sa wa rufi abin tare zafi, a ƙayyade wutar da ƙwayaye ke ci, na'urar sanyaya ɗaki kuma ta zama mai tsimi. Ginin da ya cika sharuɗɗa sai a ba shi taurari, daga ɗaya zuwa biyar.

Babin rufi ya fi burge ni. Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin kwano mara silin a Wonaka ko Tsafe a jihar Zamfara cikin bazara ya san ta sama zafi ke sauka. Kakanninmu da suka yi soro da azara da kaurin bangon ƙasa sun riga kundin gane haka, shi dai ya mayar da hikimar lambobi, ta yadda jami'in da ke duba zanen gini zai iya cewa ya yi ko bai yi ba.

Inda kundin ya gaza shi ne bayan an tare a ginin. Wa zai rubuta abin da ginin ke ci a shekara? Birnin New York ya tilasta wa manyan gine-gine kai rahoton makamashinsu tun 2009, kuma da wannan lissafi a hannu ya kafa dokar ƙayyade hayaƙi a 2019. Mu kuwa a Gusau, masu biyan Kaduna Electric da yawa kuɗin ƙiyasi suke biya, man janareta kuma ba ya shiga littafin kowa.

Izinin gini a hannun jiha yake, saboda haka kundin ba zai yi aiki a Zamfara ba sai jihar ta karɓe shi. Tunda hukumar ZAGIS ta jihar na riƙe da bayanan filaye, a ƙara mata gurbin irin rufi, lambar mita da girman janareta, a fara da gine-ginen gwamnati. A kuma fassara kundin zuwa Hausa saboda magina.