Sharhi a kan Fassarar Ma'aunin Alaƙa da Jiki zuwa Harshen Fotugis

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2007 Cynthia Price da Elaine Thompson, na Jami'ar Washington da ke Amurka, suka fito da wani jerin tambayoyi da ake taƙaita sunansa da SBC, wato Ma'aunin Alaƙa da Jiki. Bayan shekara goma, a 2017, Neves da Price da Carvalheira suka buga sakamakon gwajin da suka yi wa fassararsa a ƙasar Fotugal. Manufar wannan maƙala ita ce a duba abin da irin wannan gwaji ke iya tabbatarwa da abin da ba ya iyawa, musamman ta fuskar harshe. Al'amarin ba ƙarami ba ne, domin da irin wannan ma'auni ne masu jinya ke yanke hukunci ko magani ya yi wa mutum amfani.

2.0 Tsarin Ma'aunin

Ma'aunin yana ƙunshe da jimloli 20. Guda 12 suna auna lura da jiki, wato yadda mutum ke farga da abin da ke gudana a cikinsa, kamar sauyin numfashi idan hankalinsa ya tashi. Sauran 8 suna auna rabuwa da jiki, wato halin da mutum kan ji kamar jikinsa ba nasa ba ne, ko kamar yana kallon sa daga waje. Wannan hali an fi ganin sa ga waɗanda aka taɓa cin zarafinsu. Mai amsawa yakan zaɓi ɗaya daga cikin matakai 5, tun daga wanda ke nufin sam ba ya ji har zuwa wanda ke nufin kullum yana ji.

3.0 Inda Aikin Ya Yi Kyau

Masu binciken ba su tsaya ga fassara kawai ba. Sun rarraba tambayoyin ta intanet ga maza da mata, sa'an nan suka bi amsoshin da lissafi don su ga ko jimlolin za su kasu gida biyu kamar yadda suka kasu a Ingilishi. Wannan abin yabo ne, domin sau da yawa akan fassara ma'auni a kama aiki da shi nan take, a ɗauka cewa ingancinsa ya biyo shi cikin sabon harshe. Alhali kuwa inganci ba kaya ba ne da za a ɗauko daga wani harshe a sauke a wani. Sai an sake neman sa.

4.0 Inda Da Sauran Magana

Matsala ta farko ita ce ta ma'ana. Hanyar da aka fi bi a wannan fage, wadda Brislin ya bayyana a 1970, ita ce wani ya fassara, wani daban ya mayar da fassarar harshen asali, a kwatanta biyun. Hanyar tana kama kuskuren kalma, amma takan bar kuskuren fahimta ya wuce. Alal misali, kalmar Fotugis consciência tana nufin farga, tana kuma nufin zuciyar da ke tuhumar mutum idan ya yi laifi, alhali Ingilishi ya ba kowanne kalmarsa. Haka nan aikatau sentir ya haɗa abin da fata ta ji da abin da rai ya ji, har ma da shi ake ba da haƙuri. Mai nazarin Hausa ba zai yi mamaki ba, don ya san faɗin kalmar ji, ya kuma san cewa wanda aka ce ya ji jiki, wahala ya sha, ba lura da jikinsa ya yi ba. Mafassarai biyu masu ilimi za su iya yarda da juna, mai amsawa kuma ya fahimci wani abu daban. Maganin wannan shi ne a zauna da masu amsawa a tambaye su abin da suka gane daga kowace jimla.

Matsala ta biyu ita ce wane Fotugis ake nufi. Mutanen Fotugal kimanin miliyan 10 ne, na Burazil kuwa sun haura miliyan 200, ga kuma Angola da Mozambik. Karin harshen ya bambanta har a ginin jimla: a Lisbon ana cewa estou a sentir, a Burazil kuwa estou sentindo. Saboda haka abin da aka tabbatar a Fotugal bai kamata a shimfiɗa shi a kan duk masu harshen ba.

Ta uku, waɗanda ke amsa tambaya ta intanet su ne masu karatu da hali da sha'awar batun. Tsofaffi da masu ƙarancin karatu sukan zama 'yan kaɗan a cikinsu, alhali su ma suna zuwa asibiti.

Ta huɗu ta shafi ma'aunin tun daga asalinsa. Wasu daga cikin jimlolin rabuwa da jiki suna tambaya ne a kan wahalar gane abin da ke rai ko furta shi. To, furta abin da ke rai al'ada tana da hannu a ciki. Mutumin da aka tarbiyyantar da kawaici zai iya samun maki mai yawa ba tare da ya rabu da jikinsa ba. Bugu da ƙari, ma'aunin yana auna abin da mutum ya faɗa ne game da kansa. Bincike ya nuna cewa wannan ba lallai ne ya dace da gwaji irin na ƙirga bugun zuciya, wanda Schandry ya fito da shi a 1981, ba.

5.0 Kammalawa

A taƙaice, aikin na 2017 mataki ne da ya wajaba, amma na farko ne. Lissafi yana iya nuna cewa amsoshi sun tafi tare, ba ya iya nuna abin da mai amsa ya fahimta. Wannan aikin masanin harshe ne, kuma ya kamata a gayyace shi tun daga ranar da aka fara fassara, ba sai an gama tattara amsoshi ba.