Yesu ko Isa: gardamar suna a cikin Littafi Mai Tsarki na Hausa

Ikilisiyar EERN, wadda ta tsiro daga aikin mishan ɗin SIM da ya sauka Damagaram a 1924 kafin ya kafu a Tsibiri kusa da Maraɗi, ta gaji aƙida guda mai ƙarfi: Littafi Mai Tsarki kaɗai ne alƙalin kowace gardama ta addini. Sai dai alƙalin nan da Hausa yake magana, Hausar kuwa ta daɗe da shan ruwan Musulunci kafin mishan ya zo.

Fassarar 1932, wadda Dakta Walter Miller ya yi wa hidima, ta karɓi Allah, ta karɓi Zabura, ta bar Ibrahim da Musa da Dauda yadda malaman zaure ke kiransu. Da ta iso kan suna ɗaya, sai ta ja birki: Yesu Kristi ta rubuta. Hujjar masu goyon bayanta ita ce, Isan da maƙwabci Musulmi ya sani ba a gicciye shi ba, gicciye kuwa shi ne ginshiƙin bangaskiyarsu. Wanda ya ari sunan ya aro koyarwar da ke goye da shi. Suna da madogara mai nauyi, domin Kiristocin Larabawa ma Yasu'u suke cewa.

Masu ja da su daga cikin Littafin suke ɗauko tasu hujjar. Manzo Bulus, a Ayyukan Manzanni sura 17, da bagaden mutanen Atina ya buɗe wa'azinsa. In an yarda da Allah, me ya hana Isa? Tambayar tana da ƙaya, kuma ba a taɓa ba ta amsar da ta gamsar ba. Aya ma ba ta raba wannan rigima, tun da asalin nassin da Helenanci yake.

Fassarar 1979 ta tsaga tsakiya, ta ce Yesu Almasihu. Ana iya kiran wannan rarrashi, amma ya fi na farko hikima. Kristi baƙon sauti ne a kunnen manomin Isawan, tsakanin Tasawa da Mayahi. Almasihu kuwa ya san shi tun yana riƙe da allo, ma'anar kalmomin biyu kuma ɗaya ce, wato shafaffe. Aibinta shi ne mai wa'azin ƙauye aka bar wa sauran aikin: shi zai bayyana wa mai sauraro dalilin da ya sa aka karɓi laƙabin Annabi Isa, aka ƙi sunansa.