Sharhi a kan Fim ɗin The Monster Club

Roy Ward Baker ne ya ba da umarnin wannan fim na Ingila, wanda ya fito a 1981. Zubinsa labari cikin labari ne, tamkar Magana Jari Ce. Vincent Price, a matsayin mashayin jini, ya kai John Carradine, marubuci, dandalin dodanni, ya ba shi labarai 3. Rauninsa a fili yake: waƙoƙin da aka cusa tsakanin labaran suna kashe tsoro, fuskokin roba kuma ko yaro ba za su razana ba. Sai dai ƙarshensa ya fanshe shi. Price ya zayyana yadda ɗan Adam ke hallaka ɗan'uwansa, nan take dodanni suka karɓi marubucin cikinsu. Wannan dariya mai ɗaci ita ce jigon fim ɗin.