Jinjina Ga Masu Buga Littattafan Yara

Duk marubucin da ya rungumi rubutunsa na yara yana neman inda za a buga masa, ya san darajar maɗaba'a ta gari. Aiki ne mai cin kuɗi: ga mai zanen hotuna, ga takarda mai kauri da za ta jure hannun yaro, ga edita mai tace kowace jimla don kada ta fi ƙarfin ɗan aji uku. Ribar kuwa ba ta taka kara ta karya ba.

Zariya ce ta share wannan fage a ƙasar Hausa. Hukumar Talifi, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar ƙagaggun labarai a 1933, wadda ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. Hukumar ce kuma ta ɗauko shi daga Katsina ya rubuta Magana Jari Ce domin 'yan makaranta. Daga baya Kamfanin Gaskiya da hukumar NORLA suka karɓi tutar, sannan kamfanin buga littattafai na NNPC da aka kafa a 1966 ya ci gaba da buga irin su Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu. Da waɗannan ne iyayenmu suka buɗe ido a karatun boko.

Masu wannan hidima a yau sun cancanci godiya da goyon baya. Iyaye, ku saya wa 'ya'yanku littattafan Hausa, domin da cinikinku ne maɗaba'a za ta iya karɓar aikin sabon marubuci.