Jinjina ga Kansilolin Ƙasar Illo

Haƙiƙa, duk wanda ya dubi al'amuran jama'a da idon basira zai tarar cewa daga cikin masu ɗauke da amanar wakilci babu wanda ya fi kansila kusanci da talaka, domin shi ne wanda ake ƙwanƙwasa wa ƙofa tun kafin a idar da sallar asuba, ko don rijiyar burtsatse da ta lalace, ko don ɗakin shan magani da babu ma'aikaci, ko don rufin makarantar firamare da iska ta yaye.

A ƙasar Illo, cikin ƙaramar hukumar Bagudo, inda kogin Kwara ke shayar da fadamun shinkafa kuma iyakar Jamhuriyar Benin take kusa, nauyin ya ninka. Lokacin da ambaliyar 2020 ta cinye gonakin jihar Kebbi, irin waɗannan wakilai ne suka bi ƙauyuka, wani wurin sai da kwalekwale, suna rubuta sunayen waɗanda musiba ta shafa, suna kai kukansu gaba. Su ne kuma ke zama tare da hakimai da dagatai domin sulhunta manoma da makiyaya kafin saɓani ya zama fitina.

Tun gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976 ake wannan hidima, alhali galibinta ba ta shiga jarida. Da babu su, da maslahar ƙauyukan bakin iyaka ta rasa mai isar da ita Birnin Kebbi. Allah Ya saka musu da alheri, Ya ƙara musu haƙuri da riƙon amana.