Usur a Hannun Alain Rolland

A wasan zari-ruga mutum 30 ne a fili, da yawansu nauyinsu ya haura kilo 100, kuma doka ta yarda su cafke juna su kayar. Mutum ɗaya mai usur shi ne yake hana abin ya rikiɗe ya koma faɗa. A cikin waɗanda suka iya wannan aiki, babu wanda nake jinjina wa kamar Alain Rolland na ƙasar Ireland.

An haife shi a Dublin a 1966. Mahaifinsa Bafaranshe ne, don haka ya tashi yana jin Ingilishi da Faransanci. Kafin ya ɗauki usur ɗan wasa ne, ya yi wa ƙungiyar Leinster wasa, ya kuma saka rigar ƙasarsa sau uku, na farko a karawa da Ajantina a 1990. Lamba 9 yake sakawa, kuma a nan gwanintarsa ta samo tushe. Mai lamba 9 shi ne yake tsayawa a gindin cunkuso, lokacin da ƙarti takwas daga kowane ɓangare suka sunkuya suka haɗa kafaɗu suna turereniya. Shi zai jefa ƙwallo tsakiya, shi zai ɗauke ta idan ta fito. Duk maguɗin da ake yi a ƙarƙashin wannan tarin jikuna, a gabansa aka yi ta yi shekara da shekaru: mai jan abokin karawa ƙasa don cunkuso ya rushe, mai kwanciya kan ƙwallo ya ƙi saki, mai kutsowa ta gefe maimakon ta baya. Ɗan kallo ba ya ganin komai sai ƙura da duwaiwai. Rolland kuwa ya san kafaɗar wa zai duba tun kafin a yi laifin.

Amma gani kaɗai ba ya yin alƙali. Wanda zai busa a kan kowane ƙaramin laifi zai kashe wasa murus. Doka ta ba alƙali dama ya ga laifi ya miƙa hannu kawai, ya bar wasa ya ci gaba idan waɗanda aka cuta suna kan cin riba, sai abin ya ƙi sannan ya dawo da su inda aka yi laifin. Sauran aikin kuma da baki ake yi: a ce wa wannan ya saki, a ce wa wancan ya koma baya, a kira kyaftin a ja masa kunne a madadin yaransa. Rolland yana iya yi wa 'yan Faransa wannan gargaɗi da harshensu, abin da alƙalai kaɗan suke iyawa.

A 2007 aka ba shi wasan ƙarshe na Kofin Duniya a Paris, inda Afirka ta Kudu ta doke Ingila 15 da 6. Da Mark Cueto na Ingila ya dire ƙwallo a kusurwa, Rolland bai yi gaggawa ba, ya miƙa maganar ga mai duba bidiyo, aka ce ƙafarsa ta taɓa layi, aka hana makin.

Babbar jarabawar ta zo a 2011 a Auckland, wasan kusa da na ƙarshe na Kofin Duniya tsakanin Wales da Faransa. Ba a cika minti 20 ba sai kyaftin ɗin Wales, Sam Warburton, ya ɗaga Vincent Clerc na Faransa, ƙafafu sama, ya sake shi ya faɗo ta wajen kafaɗa da wuya. Irin wannan faɗuwa tana iya naƙasa mutum har abada. Rolland ya ɗaga jan kati nan take, alhali ya san wasan wane iri ne, ya kuma san wa yake kora. Wales ta yi fiye da awa guda da mutum 14, ta sha kashi 9 da 8. An zage shi ba kaɗan ba, har da masu gorin cewa jinin Faransa ne ya motsa. Sai dai hukumar wasan ta riga ta ba da umarni a kan ainihin wannan laifi, ta kuma goyi bayansa, Warburton kansa ya amince cewa abin da doka ta ce ke nan.

Ya ajiye usur a 2014 bayan wasan ƙarshe na Kofin Heineken. A 2016 hukumar World Rugby ta ɗora shi a kan manyan alƙalanta, yana tantance su yana raba musu wasanni. A ƙarƙashinsa suka je Kofin Duniya na Japan a 2019 da tsattsauran umarni a kan bugun kai da wuya, aka ba da jan kati takwas, adadin da gasar ba ta taɓa gani ba kafin nan. Wasu sun ce an lalata kallo. Ni dai a ganina wuyan ɗan wasa ya fi kallo daraja, kuma Rolland ya yi daidai a 2011 da 2019 duka.