'Yancin Mutum Ɗaya a Ma'aunin Shari'a: Nazarin Ra'ayin Mill ta Fuskar Tarihin Talakan Kano

A shekarar 1859 masanin falsafar nan na Ingila, John Stuart Mill, ya wallafa littafinsa On Liberty, wanda ya zama ginshiƙi ga masu aƙidar sassaucin ra'ayi. Jigon littafin shi ne cewa baligi mai hankali shi ke da iko da kansa, kuma hukuma ko jama'a ba su da hurumin tilasta masa sai idan aikinsa zai cutar da wani. Wannan ra'ayi ya ginu ne a kan zaton cewa hankalin mutum ya ishe shi jagora.

Adalci ya wajabta a ambaci inda ya dace. Girmama ɗan Adam da kare shi daga danniyar masu mulki abu ne da Musulunci ya riga ya tabbatar, kamar yadda aya ta 70 a Suratul Isra'i ta nuna. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki jangali da sauran zaluncin sarakuna a Kitabul Farƙ. Haka nan jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, ta yi gwagwarmayar 'yantar da talaka, har gwamnatin PRP ta Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a 1979. Manoman Tudun Wada da makiyayan Doguwa suna cikin waɗanda suka sauke wannan kaya. Sai dai Malam Aminu Kano malamin tafsiri ne, kuma daga Alƙur'ani yake ciro yawancin hujjojinsa, ba daga Mill ba.

Rauni na farko a ra'ayin Mill yana wajen hankali. Imam Gazali ya kwatanta hankali da ido, shari'a kuma da haske: ido mai lafiya ba ya gani a cikin duhu. Mutum yana da fiɗira ta gari, amma yana da son zuciya, wanda kan sa hankali ya zama lauyan abin da rai ke so.

Na biyu, iyakar da ya shata tsakanin abin da ya shafi mutum shi kaɗai da abin da ya shafi wasu ba ta tsayuwa a aikace. Manomin rani da ke shan ruwan madatsar Tiga a Bebeji, idan ya toshe magudana a gonarsa, na ƙasa da shi ne zai yi asara. Wanda ya sare itace a dajin Falgore ya taɓa haƙƙin waɗanda ba a haifa ba tukuna. Hadisin masu jirgin ruwa da Buhari ya ruwaito ya fayyace haka: in aka ƙyale na ƙasa suka huda ɓangarensu, kowa zai nutse.

Na uku, Mill da kansa ya halatta mulkin kama-karya a kan al'ummomin da ya ɗauka ba su waye ba, alhali ya shafe shekaru 35 yana yi wa kamfanin Ingila mai mulkin Indiya aiki. Irin wannan hujja ce ta share fagen mamaye Kano a 1903.

Don haka abin da ya kamaci ɗalibi shi ne ya karɓi gargaɗin Mill game da zaluncin hukuma da na rinjaye, ya kuma ƙi tushensa. A Musulunci 'yanci amana ce da za a yi wa mutum hisabi a kanta, kuma ba a raba ta da haƙƙin maƙwabci. Allah ne mafi sani.